Nana Asma'u 'yar Shehu: Matar Waziri, uwar Waziri, kakar Wazirai

Idan aka ambaci Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, abin da ke fara zuwa zukatan mutane shi ne malanta da waƙoƙi. Sunanta na jikin makarantun 'yan mata da ɗakunan kwanan ɗalibai mata a manyan makarantun Arewa, kuma da wuya a yi taro kan ilimin mata a ƙasar Hausa a watse ba a kira sunanta ba.

Sai dai akwai ɓangaren rayuwarta da ba a cika tsayawa a kansa ba. Asma'u matar aure ce da ta shafe shekara 40 da ɗoriya a gidan miji ɗaya. Uwa ce da ta haifi 'ya'yanta ta rene su a zamanin yaƙi da annoba. Kaka ce da Allah Ya ja kwananta har ta ga jikanta a kan kujerar da mijinta da ɗanta suka zauna.

Duk abin da aka san ta da shi na karatu da rubutu da karantarwa, a cikin wannan gida ta yi shi, tsakanin goyo da hidimar baƙi da zaman makoki. Wannan ne ya sa tarihinta ya shafi kowane gida da ake muhawara a kan ko yarinya za ta ci gaba da karatu bayan an kai ta ɗakin miji.

Tagwayen Ɗegel

An haifi Asma'u a shekarar 1793 a ƙauyen Ɗegel, wanda a lokacin yake ƙarƙashin mulkin Gobir, yanzu kuma yana cikin Jihar Sakkwato. Tagwaye aka haife su, ita da ɗan'uwanta Hassan.

A al'ada, wadda aka haifa tare da Hassan sunanta Husaina ko Hassana. Shehu bai bi wannan al'ada ba, ya raɗa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar wadda ta riƙa kai wa Manzon Allah (SAW) da mahaifinta abinci a kogo lokacin Hijira.

Mahaifiyarta Maimuna, matar Shehu ta farko kuma 'yar'uwarsa ta jini, ta rasu tun Asma'u tana ƙarama. Sauran matan Shehu ne suka ɗauki renonta, musamman A'isha da kuma Hauwa'u, mahaifiyar Muhammadu Bello. A nan ne shaƙuwarta da Bello ta samo asali. Uba ɗaya suke, ɗaki daban, amma sun tashi tamkar 'yan ciki ɗaya, duk da ya girme ta da shekara 12.

Ɗegel ƙauyen malamai ne. Maza da mata na karatu, kuma a zuriyar Shehu malanta a wurin mata ba baƙon abu ba ne. Yayarta Khadija ita ma malama ce da ake ji da ita.

Shehu da kansa ya ɗauki batun da zafi. A littafinsa Nurul Albab ya soki malaman da ke tara ɗalibai a zaure suna koyar da su, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata a cikin gida ba su san ko hukuncin tsarki da salla ba. Ya kuma ja hankalin mata da kada su yarda da wanda zai ce musu biyayyar miji kaɗai ta isa, ba tare da sanin Allah da ManzonSa ba.

A wannan gida Asma'u ta fara da allo da tawada kamar kowane yaro, ta haddace Alƙur'ani, ta shiga littattafan fiƙihu da tauhidi da tasawwufi. Ta iya Fulatanci da Larabci da Hausa, ta yi rubutu da dukkansu, tana kuma jin yaren Buzaye.

Hijira da ƙuruciya

Zaman lafiyar Ɗegel bai ɗore ba. Sarkin Gobir Nafata ya kafa dokokin da suka takura wa jama'ar Shehu, ciki har da hana maza naɗa rawani da hana mata lulluɓi. Da Yunfa ya gaje shi, al'amura suka ƙara ɓaci.

A watan Fabrairun 1804 Shehu ya kwashi jama'arsa suka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu. Asma'u ba ta wuce shekara 11 ba. Daga cikin kayan da aka ɗora wa raƙuma a wannan tafiya har da littattafan Shehu.

Shekarun da suka biyo baya na wahala ne. An yi nasara a Tabkin Kwatto a watan Yunin 1804, amma kafin ƙarshen shekarar aka yi mummunar asara a Tsuntsuwa, inda aka rasa ɗimbin mutane, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200.

Jama'a suka riƙa ƙaura daga wannan sansani zuwa wancan, ga yunwa ga cuta. Suka zauna a Sabon Gari a ƙasar Zamfara, daga baya suka koma Gwandu. A 1805 aka sake shan kashi a Alwasa, har abokan gaba suka kawo farmaki Gwandu inda mata da yara suke.

Yarinyar da ta ga wannan duka da idonta ita ce daga baya ta tsara tarihin tafiyar a waƙe. Ta rubuta shi da Fulatanci a 1839 da sunan Filitago, ƙaninta Isa kuma ya mayar da shi Hausa, wato Waƙar Gewaye. Har yau masana tarihin jihadi na komawa gare ta.

Aure ana tsakiyar yaƙi

A wajajen 1807, tun kafin a ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, aka ɗaura wa Asma'u aure da Usmanu ɗan Laima, wanda aka fi sani da Giɗaɗo. Ma'anar sunan da Fulatanci ita ce abin ƙauna. Tana da kimanin shekara 14, shi kuma ya girme ta da shekaru masu yawa.

Giɗaɗo almajirin Shehu ne, malami, kuma babban aminin Muhammadu Bello. Don haka auren ya haɗa mutum uku da za su yi aiki tare na tsawon shekara 30: wa da ƙanwa da aminin wan.

Alƙalawa ta faɗi a 1808. Bello ya fara gina Sakkwato a 1809, Shehu kuma ya zauna a Sifawa kafin ya dawo Sakkwato a 1815. A sabon birnin Giɗaɗo ya kafa gidansa, kuma har yau unguwar da zuriyarsa ke zaune ana kiranta Giɗaɗawa.

A watan Afrilun 1817 Shehu ya rasu. Asma'u tana da shekara 24, ga 'ya'ya ƙanana. Ba a jima ba tagwaicinta Hassan shi ma ya bi bayan mahaifinsu. Aka yi wa Bello mubaya'a a matsayin Sarkin Musulmi, shi kuma ya naɗa Giɗaɗo Waziri.

Daga nan nauyin gidan ya ninku. Waziri shi ne mai kula da wasiƙun daula da huldar Sakkwato da masarautun gabas irin su Kano da Zazzau. Jakadu da malamai da fatake da masu kawo ƙara duk a ƙofarsa suke sauka, kuma duk wanda ya sauka sai an ba shi masauki da abinci. Wannan aiki ne na cikin gida.

Daga cikin baƙin da Giɗaɗo ya karɓa har da Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, wanda ya zo Sakkwato a 1824, ya sake dawowa a 1826, ya kuma rasu a can a 1827.

A littafin tafiyarsa ta farko, Clapperton ya rubuta wani abu da ya shafi Asma'u kai tsaye. Ya ce yana Sakkwato cutar agana ta kashe wani ɗan Giɗaɗo da yake matuƙar so, ɗan da 'yar'uwar Bello ta haifa masa. An binne yaron a ranar. Baƙon ya ga baƙin cikin uban a waje. Uwar tana ciki.

Alƙalami a ɗakin matar aure

Babu wani rubutu na Asma'u da aka sani wanda ta yi kafin aure. Na farko da ya iso hannun mutane shi ne Tanbihul Gafilina, wanda ta rubuta da Larabci a 1820, tana da shekara 27, bayan ta yi shekara 13 a ɗakin miji.

Bayan rasuwar Shehu, tana cikin waɗanda suka ɗauki aikin tattara rubuce-rubucensa da tsara su. Aiki ne mai cin rai, domin littattafan zamanin warwatse suke, takarda-takarda a cikin gafaka, ga wahalar da suka sha a shekarun ƙaura. Sai wanda ya san abin da ke ciki ne zai iya gane wace takarda ce ke bin wace.

A 1822, lokacin da abokan gaba suka matso Sakkwato, Bello ya fita yaƙi ya bar mata wasu baitoci na ƙarfafa zuciya. Ita ma ta mayar masa da nata. Wannan musayar na nuna irin matsayin da Sarkin Musulmi ya ba ƙanwarsa a fagen ilimi.

A 1829 ta tsara Sunago, waƙar da ta jero sunayen surorin Alƙur'ani 114 a cikin baitoci kaɗan domin sauƙin haddacewa. Daga baya aka samu ta da Hausa. A 1831 ta mayar da wata waƙar Shehu ta Fulatanci zuwa Hausa, wato Tabbat Haƙiƙa, wadda ke gargaɗin masu mulki da alƙalai da talakawa a kan zalunci da cin haƙƙi. Har yau almajirai da makafi na rera ta.

Ta kuma rubuta Tabshirul Ikhwan a 1839, a kan neman waraka da ayoyin Alƙur'ani. Cikin matsalolin da littafin ya taɓo akwai na masu ciki da naƙuda da yaye da ciwon yara, abubuwan da uwa ta fi kowa sanin zafinsu.

Rubuce-rubucenta da suka tsira sun haura 60. Duk wannan bai yiwu ba sai da miji ya ba da fili. Giɗaɗo marubuci ne shi ma, kuma gidansa ya zama wurin da ake kwafar littattafai da ajiye su. Sunan matarsa ya kai nesa har malamai daga ƙasar Shingiɗi, wato Muritaniya ta yau, suna musayar wasiƙu da baitoci da ita.

'Yan Taru: makarantar da ba ta raba mace da gidanta ba

Yaƙi ya bar babbar matsala a ƙauyukan da ke kewaye da Sakkwato da Wurno, garin ribaɗin da Bello ya mayar mazauninsa. Akwai zawarawa da marayu. Akwai kuma ɗimbin matan da aka kamo a yaƙi aka shigar da su gidaje a matsayin bayi da ƙwaraƙwarai. Hausa suke ji, ba su san Larabci ko Fulatanci ba, kuma abin da suka tashi da shi na neman sauƙi idan ciwo ko damuwa ta zo shi ne bori.

Waɗannan mata su ne ke renon yaran da za su zama manyan gobe. Asma'u ta gane cewa wa'azin da ake yi a masallaci da zaure ba ya isa gare su.

Ta kuma san halin da matar aure ke ciki, domin ita ma a ciki take. Mai goyo da daka da girki ba za ta bar gidanta ta yi tafiyar kwana biyu neman karatu ba. Don haka daga shekarun 1830 ta ɓullo da tsarin da aka sani da 'Yan Taru.

A kowane ƙauye ana zaɓar dattijuwa mai hankali da riƙon amana, wadda ta wuce shekarun haihuwa, a naɗa ta jaji. Jaji kalma ce da aka sani a wurin fatake, mai jan ayari. Ita ce za ta jagoranci tawagar tsofaffi da 'yan matan da ba su kai aure ba, su taka zuwa wurin Asma'u a Sakkwato ko Wurno.

A can za su zauna a koya musu waƙoƙin da ta tsara da Hausa a kan tauhidi da tsarki da salla da azumi da tarihin Annabi (SAW) da kyawawan halaye. Idan sun haddace sai su koma gida, su bi ɗaki-ɗaki suna koya wa matan auren da ba su samu fita ba. Mace na kaɗi ko niƙa tana rera karatunta.

Alamar naɗin jaji ita ce malfa, wadda ake ɗaure ta da jan ƙyalle. Zaɓen malfa hikima ce. A Gobir, Inna, shugabar mata kuma uwar 'yan bori, ita aka sani da sanya malfa. Asma'u ta ɗauki alamar da matan suka saba girmamawa ta ɗora ta a kan malama.

'Yan Taru kan zo da sadaka gwargwadon hali, kamar hatsi da zuma da man shanu da zare ko ƙyalle. Asma'u takan rarraba wa mabuƙata da marasa lafiya. A ƙauyukansu kuma jajis su ne masu sasanta rigimar mata, da wankan gawar mace, da share masallaci, da duba marayu.

Domin waɗannan ɗalibai ta rubuta waƙoƙi irin su Goɗaben Gaskiya a 1842 da Sharuɗɗan Ƙiyama a 1860. Akwai kuma Tawassuli ga Mata Masu Albarka ta 1837, wadda ta gina a kan wani littafin nasiha da Bello ya rubuta. A ciki ta jero matan Annabi (SAW) da 'ya'yansa mata da salihan bayi irin su Rabi'atul Adawiyya, sannan ta sako matan da ta sani da idonta, cikinsu har da matan Shehu da suka rene ta. Saƙon a fili yake: matar Sakkwato ma tana iya shiga wannan sahu.

Wadda ta binne nata ɗaya bayan ɗaya

Tsawon rai na zuwa da nasa nauyi. Asma'u ta ga mutuwar kusan duk waɗanda ta taso da su, kuma kusan kowace mutuwa sai ta bar mata marsiyya, wato waƙar makoki.

Ta yi wa baffanta Abdullahi na Gwandu. Ta yi wa Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, inda ta bayyana shi a matsayin malaminta kuma majinginarta. Ta yi wa 'yar'uwarta Faɗima da ɗan'uwanta Buhari. Ta yi wa A'isha matar Bello, aminiyarta tun ƙuruciya, wadda rasuwarta a 1855 ta girgiza ta ƙwarai.

Bayan rasuwar Bello, ita da Giɗaɗo suka duƙufa wajen rubuta abin da suka gani na rayuwar Shehu da Bello, domin masu tasowa da ba su riski zamanin ba. Giɗaɗo ya rubuta Raudul Jinan a kan Shehu da Alkashfu wal Bayan a kan Bello. Ita kuma ta zuba tarihin a waƙa, yadda wanda bai iya karatu ba zai ji ya riƙe. Mata da miji, kowa da alƙalaminsa, a kan aiki ɗaya.

Giɗaɗo ya bar aikin Waziri a 1842, ya kuma rasu a wajajen 1850. A marsiyyar da ta yi masa, abin da Asma'u ta tsaya a kai shi ne halinsa: kyauta, karɓar baƙi, riƙon zumunci da iyalan Shehu, amincinsa ga Bello, da ɗawainiyar gyaran masallatai da ƙofofin gari. Mutumin da ya yi shekara 25 yana Wazirin daula, matarsa ta tuna shi da abin da ya yi wa mutane.

Wannan ma'auni ta yi amfani da shi ga kowa. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima marsiyya, ta yabe ta da kirki da haƙuri da son zaman lafiya a cikin dangi. Ta yi wa wata mata mai suna Zaharatu, wadda ke zuwa wurin masu naƙuda, take wanke gawa, take koyar da mata. Ta yi wa jajinta Hauwa'u, wadda ta yi shekaru tana kawo mata ayarin ɗalibai.

Ba don waɗannan waƙoƙi ba, da babu wanda zai san an yi waɗannan mata. Littattafan tarihin zamanin cike suke da sunayen sarakuna da jarumai. Asma'u ce ta rubuta sunan ungozoma da maƙwabciya a takarda ɗaya da sunan Sarkin Musulmi.

'Ya'ya da jikoki

'Ya'yan Asma'u da suka rayu maza ne. Babbansu, Abdulƙadir, shi ya gaji mahaifinsa a matsayin Waziri a 1842, a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Bello. Malami ne kuma marubuci, yana da littafin tarihi mai suna Anisul Mufid.

A wannan lokaci Asma'u ta zama uwa ga masu mulki ta ɓangare biyu. Sarkin Musulmi ɗan wanta ne, Waziri kuma ɗan cikinta. Tana cikin 'yan ƙalilan da suka rage waɗanda suka yi hijira tare da Shehu, don haka maganarta na da nauyi a fada. Mutanen gari na kiranta Uwar Gari.

Ba ta yi amfani da wannan matsayi wajen yin shiru ba. Waƙoƙinta na shekarun ƙarshe cike suke da gargaɗi a kan zalunci da kwaɗayin duniya da komawa ga al'adun da Shehu ya yaƙa, a daidai lokacin da 'ya'ya da jikokin masu jihadi suka gaji mulki da dukiya.

A 1859 Abdulƙadir ya rasu. Asma'u tana da shekara 66 ta sake zaman makokin ɗa. Aka naɗa ɗansa Ibrahim Khalilu a matsayin Waziri, ta ga jikanta a kan kujerar.

Sarautar ba ta bar gidan ba. Wani jikan nata, Muhammadu Buhari ɗan Ahmadu, shi ne Waziri lokacin da sojojin Birtaniya suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Shi ya ɗauki nauyin tsayawa tare da jama'ar da suka rage a gari, ya kuma rubuta wasiƙa ga malamai yana bayyana hujjarsa ta yin hakan.

Ɗan Buhari shi ne Waziri Junaidu, fitaccen malami kuma masanin tarihi, wanda ya riƙe sarautar daga 1948 har zuwa rasuwarsa a 1997. A ɗakin karatunsa aka adana mafi yawan rubuce-rubucen Asma'u. Zuriyar da ta rena ita ce ta riƙe mata takardunta fiye da shekara 100.

Rasuwa da abin da ya biyo baya

Asma'u ba ta ajiye alƙalami ba har tsufa. A 1861 ta rubuta Dalilin Samuwar Allah da Hausa, a 1863 kuma ta yi marsiyyar wata 'yar ɗan'uwanta da ta rasu da ƙuruciya.

Ta rasu a 1864 tana da shekara 71. An binne ta a Hubbaren Shehu da ke Sakkwato, kusa da mahaifinta. Ƙaninta Isa ya yi mata marsiyya, inda ya ambaci yadda take ɗaukar nauyin dangi da marayu da baƙi.

Ayarin 'Yan Taru bai tsaya ba. Ƙanwarta Maryam, wadda ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo ta kuma dawo gida bayan rasuwarsa a 1846, ita ta karɓi jagoranci. Bayanta 'yarta Tamodi ta ci gaba. Tsarin ya ratsa zamanin Turawa, kuma har bayan samun 'yancin kai ana samun jajis na zuwa Hubbare da malfarsu.

Duniyar waje ta san ta ne ta hannun Jean Boyd, Baturiyar da ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, wadda Waziri Junaidu ya buɗe wa ɗakin karatunsa. Ta wallafa tarihin Asma'u a 1989, sannan a 1997 ita da Farfesa Beverly Mack ta Amurka suka fitar da kundin rubuce-rubucenta tare da fassara. A yau akwai ƙungiyoyin mata Musulmi har a Amurka da ke kiran kansu 'Yan Taru.

A gida kuwa, makarantun Islamiyya na matan aure da ke cika da yamma da ƙarshen mako a Kano da Sakkwato da Zariya da Maraɗi suna tafiya ne a kan turbar da ta share, ko da wasu ɗaliban ba su san hakan ba.

Amma har yanzu a gidaje da yawa ranar ɗaurin aure ita ce ranar rufe littafi. Yarinya na aji uku ko huɗu a cire ta, a yi alkawarin za ta ci gaba a ɗakinta, alkawarin ya bi ruwa da zuwan cikin fari. Wasu ma da sunan addini suke kafa hujja.

Tarihin Asma'u amsa ce ga wannan hujja, kuma daga gidan da babu mai shakkar addininsa ta fito. An yi mata aure da wuri kamar sauran 'yan matan zamaninta. Ta yi goyo, ta yi jinya, ta binne ɗa, ta ciyar da baƙi. Bambancin shi ne ta samu uba da ya ɗora ta a kan karatu, da wa da ya ɗauke ta abokiyar shawara, da miji da ya bar ƙofar ilimi a buɗe. Ita kuma da ta samu, sai ta tura wa matar ƙauye da ba ta da ko ɗaya daga cikin ukun.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u, Ya kai haske kabarinta.